Haruffa Huɗu da Ɗigo a Takardar Sani Arzika

Cikin shekarun da na yi a ofishin kula da ɗalibai, akwai wata Litinin da har yau ban manta da ita ba. Ƙarfe tara da rabi na safe ne, farkon watan Oktoba, shekarar da soja suka karɓi mulki, yunwar fari ba ta gama sakin mutane ba. Muna zaune a barandar ofishin sufurefe, wato shugaban ƙaramar hukuma, na Filinge, mu biyar: Daraktan ofishinmu, da ni sakatarensa, da wani ɗalibi mai suna Sani Arzika, da mahaifinsa, da wani tsohon marubucin rajista da ake kira Garba Kwami. Abin da ya tara mu haruffa huɗu ne da ɗigo ɗaya. In ba mu warware su kafin azahar ɗin Asabar ba, Sani ya rasa gado da katin abinci a jami'a. A shekara irin wannan, wanda ya rasa su ya rasa karatun gaba ɗaya.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, ofishinmu ba ya koyarwa, ba ya ba da sakamako. Aikinsa gado da tuwo. Ɗalibin da ya ci jarrabawar bak ta gama sakandare, jami'a ta karɓe shi, sai ya kawo mana dosiyensa: takardar haihuwa, takardar likita, da hotuna. Mu kuma mu ba shi lambar gado da katin shiga ɗakin cin abinci. Jami'ar ta gwamnati ce, da gumin talakawa ake riƙe ta, kuma ƙa'idarta ta ce duk wanda aka karɓa ɗalibi ne, ko daga ina ya fito.

Babu wanda ya kai Daraktanmu son wannan ƙa'ida. Ya yi shekara goma sha ɗaya a Turai, ya dawo da digiri biyu da lofen taba da ba ya kunnawa, yana dai riƙe da shi yana nuna mutane. A can wata mai gida ta taɓa hana shi ɗakin haya saboda launin fatarsa, kuma babu taron da za a tashi bai ba da labarin ba. Gaskiya ne an cuce shi, ba na musu. Da ya hau kujera, abin da ya fara rubutawa shi ne Umarni na Ɗaya, wanda ya haramta nuna wa ɗalibi bambanci saboda launi ko ƙabila ko ƙasar asali. An liƙa shi a kowace ƙofa, har ta bayan gida. Ya kafa Kwamitin Hana Nuna Bambanci, ya ba shi ɗaki mai faɗi da tebur da kujeru goma sha biyu. Shi ne shugaba, ni ne sakatare. Akwai wasu malamai uku da aka naɗa, sun zo sau ɗaya, ranar da aka raba lemo.

Wata rana ya kira ni ya ce ba za a iya kare mutum ba sai an san shi. Ya umarce ni in bi dosiyoyin sababbin ɗalibai, in fitar da sunan duk wanda asalinsa ba na ƙasar nan ba ne, in buga su a takarda daban, domin a sa musu ido kada a cuce su. Na bi, na samu mutum goma sha huɗu. Na buga a sama: Jeri na Biyu, Ɗaliban da Za a Kare.

Sai gadaje suka kasa. A da, ɗalibai da yawa suna sauka gidan kawu ko gwaggo a cikin gari. A shekarar nan kuwa kowane gida ya cika da dangin ƙauye da fari ya koro, don haka kowa ya zo neman gado. Darakta ya duba wa za a ce ya dakata, sai ya ga jeri a gabansa, an riga an buga shi tsaf. Ya ce in canza kan takardar. Na zare ta, na sa sabuwa a keken rubutu, na buga: Jeri na Biyu, Ɗaliban da Za Su Jira. Sunayen ba su canza ba, ko ɗaya.

Takardun haihuwa na zamanin Faransawa suna da wani ɗan gurbi da aka rubuta wa Race, inda ake sa ƙabilar mutum. Bakwai daga cikin goma sha huɗun nan, abin da ke cikin gurbinsu shi ne "Soud." Darakta ya karanta shi Soudanais, wato mutumin Sudan ta Faransa, ƙasar da ta koma Mali. Ni mutumin Tasawa ne, ban san wata ma'ana ba, ban kuma tambaya ba. A lokacin makiyaya suna ta ƙetarowa daga Mali bayan dabbobinsu sun ƙare, kuma maganar da ke yawo a gari ita ce baƙi na cinye jar dawar taimako. Kalmar ta zo daidai da abin da kunne ke son ji.

Sani ya zo ofis ranar Laraba, dogo, siriri, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Kwana tara yana kwana a masallacin tasha.

Ya kira shi da laƙabin girmamawa na Faransanci, ya ce, "Mushe Darakta, ni Bakurfaye ne. A Tabla aka haife ni, ga shi a rubuce."

Darakta ya ce, "Inda aka haifi mutum daban, asalinsa daban."

Sani ya yi bayani a natse. Ya ce Zabarmawa suna kiran Kurfayawa Suje, Faransawa suka ɗauka a bakinsu suka rubuta Soudié, kuma shi ne aka gajarta. Darakta ya nuna shi da lofe ya ce ya karanta ƙabilun ƙasar nan kaf a Turai, bai ga wannan ba, kuma mai neman gado ba ya rasa ƙabilar da zai ƙago. Duk Bazabarmen da ke share ofishinmu ya san Sani ya faɗi gaskiya, amma mai shara ba ɗan kwamiti ba ne.

Sani ya juya ya nuna Umarni na Ɗaya da ke liƙe a ƙofa. "To, a ce ni ɗan Mali ne. Wannan takarda fa?"

Darakta ya ce, "Wannan ta hana bambanci. Abin da muke yi nan tsari ne."

Washegari Sani ya kawo ƙara a rubuce zuwa ga Kwamitin Hana Nuna Bambanci. Na karɓa, na buga mata hatimi, na ba ta lamba ɗaya, na miƙa ta ƙetaren tebur ga shugaban kwamitin, wanda shi ne ake ƙara. Ban taɓa ganin Darakta cikin farin ciki irin na ranar ba. Wata takwas da kafa kwamiti, sai yau ya samu aiki. Ya ce za a je a yi bincike a wurin da abin ya samo asali, ya sa aka aika wa sufurefen Filinge saƙo a nemo mahaifin yaron da wanda ya rubuta takardar, in yana raye.

Mun tashi ranar Lahadi a Landroba ta ofis. Sani ya zauna baya kan tayar ajiya, don Darakta ya ce mai ƙara ba ya zama kusa da alƙali. Bayan Bonkuku muka fara ganin ƙasusuwan shanu a gindin gawo, da mata suna jiƙa anza don a rage ɗacinta a ci. Darakta ya sa a tsaya sau biyu ya ɗauki hoto.

Ranar Litinin sufurefe ya ba mu barandarsa da kujeru, ya tafi wurin rabon hatsi. Malam Arzika, mahaifin Sani, ya iso tun da hantsi da sandarsa da gorar ruwa. Kowa a wurin yana jin Hausa, amma Darakta ya ce zaman hukuma da Faransanci ake yin sa. Ni na yi shekara biyu ina fassara labarai a gidan rediyo kafin in zo jami'a, don haka fassara da rubuta bayanin zama duka suka hau kaina.

Darakta ya yi tambaya, na juya ta. "Baba, ya ce mene ne asalinka?"

Tsohon ya dube ni, ya dubi Darakta. "Asalina? Ka ce mai ni ɗan Adamu na, ta wajen Tabla."

"Ya ce kana da takarda?"

"Ta haraji. Tun ina saurayi ake zuwa karɓa, ba a taɓa ce min baƙo ba. Ran karɓa ɗan ƙasa nike. Sai ran rabon tuwo anka gano daga nesa munka hito."

Na fassara kalma da kalma. Darakta ya ce in rubuta cewa mai shaida bai amsa tambaya ba. Sannan ya tambayi iyayensa. Tsohon ya ce ubansa da kakansa duk a Kurfai aka binne su. Da ya tsaya nan, da an wuce wurin. Amma mutumin da bai saba da ofis ba, in an tambaye shi gaskiya, sai ya faɗe ta duka.

Ya ce, "Uwata kam daga arewa anka kawo ta, ƙetaren iyakar ga da kuke hwaɗi. Sa'ad da taz zo babu iyaka, rijiya ɗai ta a wurin."

Wannan karon Darakta bai jira fassara ba. Ya buga tebur ya ce, "Rubuta!" Sani ya sunkuyar da kai. Na rubuta.

Aka kira Garba Kwami. Kwami shi ne yadda mutanen wurin ke faɗin muƙaminsa na marubucin ofis, har ya zame masa suna. Ya yi wa Faransawa rajista shekara talatin, da ya bar aiki ya koma bakin kasuwa yana rubuta wa mutane wasiƙa. Tabaransa ɗaure yake da zare. Ya karɓi takardar Sani ya kai ta dab da hanci, ya yi murmushi.

"Hannuna ne. Dubi wannan S, Mushe. Yaran yanzu ba su iya irinta ba."

Shi da Faransanci ya yi magana, irin na da, mai tsabta fiye da na Darakta. Ya ce tafintan kumandan na farko Bazabarme ne. Bature ya tambaye shi su wane ne mutanen nan, ya ce Suje, aka rubuta Soudié, ya zauna. Gurbin kuwa wanda ya zana shi a Faransa bai taɓa riƙe alƙalamin tawada ba, haruffa huɗu kawai yake ci. Shi ya sa yake rubuta "Soud." ya ɗiga.

Fuskar Darakta ta saki. Ya ce, "Ashe namu ne!" Ya fara shirya yadda za a rubuta cewa kwamiti ya ceto ɗan ƙasa daga kuskuren mulkin mallaka.

A nan na yi tambaya ɗaya. Ba wayo na yi ba. A rediyo an koya mana cewa labarin da ya bar rami, mai saurare zai faɗa ciki, kuma bayanin zaman yana da rami. Na ce, "Baba Kwami, 'ya'yan fataken Sudan da aka haifa a Filinge fa, me kake rubuta musu?"

Ya ce, "Soud."

"Da me ake bambanta su?"

"Da fuska. A lokacin na san uban kowa."

Darakta ya ce a kawo babbar rajista a duba. Kwami ya ce gara ta cinye ta tun shekarar 'yancin kai, ta fara daga Kurfayawa ta ƙare da Sudanawa, ba ta bar kowa ba. Ya ce gara ba ta nuna bambanci, ko da yake ba ta da kwamiti. Da aka tambaye shi ko ya tuna wane "Soud." ne na Sani, ya ce yara ɗari nawa aka jero masa ya yi musu takardar haihuwa ranar ɗaukar 'yan lakwal, wato makarantar boko, ba zai yi rantsuwa a kan abin da ya manta ba.

Sani ya ɗago ya dube ni. Har yau ina ganin kallon nan. Tambayata ta mayar da shi inda ya fito.

Darakta ya gyara zama ya yanke hukunci: takarda ba ta tabbatar da komai ba, kaka kuma daga ƙetare take, don haka ɗalibi zai ci gaba da zama a Jeri na Biyu har a samu ƙarin haske. Ƙarin haske ba ya zuwa kafin Asabar, kowa ya san haka. Na juya wa Malam Arzika hukuncin. Ya jawo gorarsa kusa da ƙafa.

Garba Kwami yana goge tabarau da bakin riga. Ya koma Hausa, kamar mai hira da kansa.

"Hukunci ya yi kyau, Mushe. Sai dai jerin naka ya yi kaɗan, ka ƙara takarda. Kurfai ba ta da gyaɗa, ba ta da auduga. Soja muke nomawa, tun zamanin Bature. Yaran da na rubuta wa haruffan nan, da yawansu suna Yamai yanzu da igiyoyi a kafaɗa, wasu ma a ofisoshin da ake sa hannu a naɗa darakta. In kana so in jero maka su, ka kai musu labari da kanka cewa binciken jami'a ya gano baƙi ne. In kuwa aiki ya yi maka yawa, ni sai in rubuta musu. Wasiƙa sana'ata ce."

Darakta ya laluba aljihu, ya ari ashana a hannun direba, ya kunna lofen. Ranar na fara ganin hayaƙi ya fito daga cikinsa. Ya yi tari har hawaye suka zubo.

Da ya lafa, ya matso kusa da ni ya ce a hankali in cire maganar tsohon ta ƙarshe daga bayanin zama. Na tuna masa Umarni na Uku, wanda shi ya rubuta: bayanin zaman kwamiti ana karanta shi a gaban shaidu, a sa hannu nan take, a aika kwafi ma'aikatar ilimi. Ya tambaye ni ko akwai umarnin da ya soke na Uku. Na ce babu, ranka ya daɗe, amma akwai na Ɗaya. In an bi shi, babu Jeri na Biyu, babu wanda za a tambayi asalinsa, kuma maganar haruffa huɗu ba ta da sauran amfani ga kowa.

Sannan ya miƙe tsaye ya ce, "Abin da nake shirin faɗa ke nan."

Ya yi min shifta, na rubuta. Kwamiti, bayan bincike mai zurfi a ƙasar Kurfai, ya gano cewa an buga wani jeri a ofishin sakatare wanda ya saɓa wa Umarni na Ɗaya. Kwamiti ya soke jerin. Kwamiti ya umarci a ba ɗalibai goma sha huɗun gado da katin abinci ba tare da jinkiri ba. Kwamiti ya ba da shawarar a ja kunnen ma'aikacin da ya buga jerin. Na karanta da ƙarfi, da Faransanci da Hausa, kowa ya sa hannu, Malam Arzika ya dangwala yatsa. Garba Kwami ya dubi rubutuna ya ce S ɗina ba ta da laifi.

Darakta ya kama hannun tsohon da hannu biyu, ya sa direba ya ɗauke su hoto. Ya ce da Hausa, "Baba, ɗanka namu ne."

Malam Arzika ya juyo gare ni, don ya riga ya saba sai an fassara. "Ka ce mai na gode. Ka ce mai kuma, in yag gamu da wanda ba nasu ba, shi ma yana da ciki."

Na juya masa ita da Faransanci, kalma da kalma. Darakta ya ce karin magana ce mai kyau, zai sa ta a rahoto.

Ku da kuke ofishin nan yanzu kuna yawan tambayata yadda ake hana nuna bambanci, kamar akwai wata dabara da muka ɓoye. Doka tana nan tun kafin a haife ku, a liƙe a ƙofa. Mun wuce ta safe da yamma muna buga jerin da ya karya ta, kuma mai karyawar shi ne marubucinta, bai kuma taɓa jin yana yin laifi ba, don ya sa wa abin suna tsari. Ba tausayin Sani ne ya soke jerin ba, ba kuma hujjarsa ba, ko da yake ya kawo ta tun ranar Laraba. Tsoron masu igiya a kafaɗa ne. Da Kurfai gyaɗa take nomawa, da yaron ya koma Tabla cin anza. Abin da ya rage wa ƙaramin ma'aikaci kaɗan ne: in an ce ka tara sunayen mutane bisa asalinsu don a kare su, ka tambayi wa zai riƙe takardar ranar da tuwo ya kasa. Ni ban tambaya ba. Sau biyu na buga jerin, yatsuna ba su yi gardama ba ko sau ɗaya.

Mun koma Yamai ranar Talata. Gadaje ba su ƙaru ba don an soke jeri, sai aka fitar da tebur da kujeru goma sha biyu daga ɗakin kwamiti, aka shimfiɗa katifu goma sha huɗu. Ranar Juma'a da hantsi na miƙa wa Sani katinsa. Daga cikin bakwai masu "Soud.", huɗu Kurfayawa ne, biyu 'yan Mali ne na gaske, ɗaya kuma maraya ne, shi kansa bai sani ba. Duk a ɗaki ɗaya suka yi shekarar. Sani ya gama karatun likitan dabbobi, aka tura shi aiki arewacin Filinge. Darakta ya samu ƙarin girma saboda rahoton, kwamitin bai sake zama ba don ba shi da ɗaki. Takardar jan kunne ta zauna a dosiyena har na yi ritaya. A gurbin dalili an rubuta: nuna bambanci.